SIRDIN KEKE: A AUNA SHI DA ƘAFAR MAI SHI



Zancen yau na keke ne. Ba sai an gaya ma mutumen karkara amfanin keke ba. Da shi ake zuwa kasuwa. Da shi ake kai hatsi injin niƙa. Da shi ake ɗauko ruwa in rijiya ta yi nisa. Da shi ake zuwa kiran unguwarzoma cikin dare. Keke ba ya shan mai, ba ya cin harawa. Abincinshi guda ne: ƙarfin ƙafar mai shi.

To, tun da ƙarfin ƙafa keke ke ci, ya kamata a yi tattalin ƙafar. Mai keke yana kula da taya. Yana sa ma sarƙa mai. Yana gyara birki. Amma da wuya a ga wanda ya tsaya ya duba tsayin sirdi. Yadda aka sayo keken, haka ake hawanshi har ya tsufa. Daga baya sai mutum ya fara kukan ciwon gwiwa. Wani ya ce sanyi ne, wani ya ce tsufa ne. Sau da yawa kuwa sirdi ne bai zauna daidai ba.

Gyaran sirdi ba ya cin ko dala. Aiki ne na ɗan lokaci kaɗan, a gindin itace, da sufana guda. Ga bayaninshi dalla-dalla.

KUSKUREN DA AKA SABA YI

Mutane da yawa, in za su gwada keke, sai su zauna bisa sirdi, su sauke ƙafafu ƙasa. In tafin ƙafa biyu suka taka ƙasa sosai, sai su ce keken ya yi musu daidai. Wannan shi ne kuskuren farko.

Ƙafar mai keke bisa feda take aiki. Dan haka tsakanin sirdi da feda ya kamata a auna. Wanda ke zaune bisa sirdi, tafin ƙafarshi biyu na ƙasa shimfiɗe, to sirdinshi ya yi ƙasa da yawa. A keken da ya zauna daidai, in mutum yana bisa sirdi, kan yatsunshi kaɗai ke taɓa ƙasa.

Mahaya doki sun san wannan tun da daɗewa. Bako ba ya hawan dokin aro sai ya gyara igiyar likkafa. In likkafa ta yi gajarta, gwiwa ta takure. In ta yi tsawo, ƙafa ta yi ta lilo. Feda ita ce likkafar keke. Bambancin kawai shi ne, a doki likkafa ake gyarawa, a keke kuma sirdi ake ɗagawa ko a sauke.

SAU NAWA GWIWA KE LANƘWASHEWA?

Wani zai ce: "Yatsa biyu ko ukku na tsayin sirdi, mi za su yi ma mutum?" Lissafi ne zai ba da amsa.

A ɗauki babban keken da aka sani cikin ƙauyuka, irin su Raleigh da Phoenix. In tayarshi ta juya sau ɗaya, ta ci metir 2 da ɗan ƙari. In feda ta zagaya sau ɗaya, tayar baya tana juyawa wajen sau 2 da rabi. Ke nan kowace zagayawar feda tana tura keke wajen metir 5 da rabi.

Kilometir guda metir 1,000 ne. Dan haka cikin kilometir guda feda tana zagayawa wajen sau 180. Daga Damagaram zuwa Mirriya wajen kilometir 18 ne. A ninka 180 da 18, za a samu 3,240. Zuwa da dawowa ya kama 6,480.

Ke nan wanda ya je Mirriya daga Damagaram ya komo, kowace gwiwarshi ta lanƙwashe ta miƙe sama da sau 6,000. Wannan tafiyar yini guda ce. A lissafa na wata, a lissafa na shekara. Ɗan kuskuren da bai kai komi ba, in aka maimaita shi sau dubbai, sai ya zama ciwo. Igiyar guga ma a hankali take cin itacen bakin rijiya.

Gwiwar nan kuma ita ce jarin manomi. Da ita zai yi shuka, da ita zai yi noma, da ita zai ɗauki dami. Wanda ya kashe gwiwarshi bisa keke da rani, damina za ta same shi yana ɗingishi.

IN SIRDI YA YI ƘASA

Kowa na iya gwada wannan yanzu. Mutum ya tsuguna har ƙasa, sa'an nan ya miƙe. Zai ji nauyin jikinshi duka bisa gwiwa. To, ya sake miƙewa tsaye, ya ɗan rusuna kaɗan kawai, ya tashi. Zai ji sauƙi ƙwarai. Dalili shi ne, ƙafa ta fi ƙarfi lokacin da ta kusa miƙewa. In ta takure, ƙarfinta kaɗan ne, kuma ƙoƙon gwiwa yana gugar ƙashin cinya da ƙarfi.

Mai tuƙa keke da gajeren sirdi kamar mai tafiya a tsugune ne. Ga alamun da ake gane shi da su:

Gwiwoyinshi suna tasowa sama, har su kusa taɓa kan keke.

Gwiwoyin suna buɗewa waje, kamar mai hawan jaki.

Cinyoyinshi suna zafi tun bai yi nisa ba.

In ya zo ɗan tudu, sai ya sauka ya tura, ko ya miƙe tsaye bisa feda.

Ciwo yana kama shi a gaban gwiwa, wurin ƙoƙon.

Cikin waɗanda sirdinsu bai zauna daidai ba, masu gajeren sirdi sun fi yawa. Suna kashe ƙarfi mai yawa, tafiyar kuma ba ta sauri.

IN SIRDI YA YI SAMA DA YAWA

Kada wani ya ji wannan ya je ya zaro sirdi har ƙarshe. Shi ma yana da tashi illa. In sirdi ya wuce kima, ƙafa ba ta kai feda sai da miƙa. Ga alamunshi:

Mutum yana taka feda da kan yatsu, yana miƙa ƙafa kamar mai son ciro abu daga rataya.

Ƙugunshi yana karkata dama da hagu bisa sirdi. Wanda ke bayanshi shi ya fi ganin wannan.

Sirdi yana gugar cinya da mazaunai, har fata ta saɓule.

Ciwo yana kama bayan gwiwa, ko jijiyar da ke bisa dunduniya, ko ƙugu.

A riƙe wannan da kyau: ciwon gaban gwiwa, galibi sirdi ya yi ƙasa, ciwon bayan gwiwa, galibi sirdi ya yi sama.

AWON DUNDUNIYA

Wannan ita ce hanyar da ta fi sauƙi. Ba ta bukatar metir, ba ta bukatar alƙalami. Mutum biyu sun isa.

Na 1. A tsai da keke wuri mai tauri, wanda ba gangare. Aboki ya riƙe kan keken, ko mai keken ya dafa bango.

Na 2. Mai keke ya sa takalmin da ya saba hawa da shi. Ya hau, ya zauna sosai bisa sirdi, kamar yana tafiya.

Na 3. Ya juya feda baya-baya, har guda ta sauko can ƙasa, inda ta fi nisa da sirdi.

Na 4. Ya ɗora dunduniyarshi bisa wannan fedar.

Na 5. Abokin ya duba ƙafar. In ta miƙe sak, kuma mai keken bai karkata ba, sirdi ya yi daidai. In gwiwa tana lanƙwashe, sirdi ya yi ƙasa, sai a ɗaga. In dunduniya ba ta kai feda ba sai da karkata ƙugu, sirdi ya yi sama, sai a sauke.

Na 6. A gwada ɗaya ƙafar. Sa'an nan ya sa dunduniya biyu bisa feda biyu, ya yi ta juyawa baya-baya. In ƙugu bai motsa ba, an dace.

A lura: dunduniya ta awo ce kawai. Wurin tafiya, gaban tafin ƙafa ake ɗorawa bisa feda, wato tudun nan na gindin babban yatsa. In aka koma taka feda da wannan wurin, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan ko da feda tana can ƙasa. Wannan ɗan lanƙwason shi ake nema. Likitocin masu tseren keke a Amurka sun ba da shawara a shekarar 1994 cewa lanƙwason ya kasance tsakanin digiri 25 da 35. Mutumen ƙauye ba ya bukatar abin auna digiri. Ya duba da ido kawai: ƙafa ta kusa miƙewa, amma ba ta miƙe sak ba.

Akwai masu taka feda da tsakiyar ƙafa ko da dunduniya koyaushe. Sau da yawa gajeren sirdi ne ya koya musu haka. In aka ɗaga sirdin, ƙafar da kanta za ta nemi wurinta.

AWON METIR DA LISSAFI

Wanda ya iya lissafi yana da hanya ta biyu. Da ita zai tabbatar da ta farko. Ana bukatar metir na tela, da allo, da ɗan gawayi.

Mai keke ya tuɓe takalmi, ya jingina bayanshi da bango. Ya ɗan buɗe ƙafafu kamar faɗin tafin hannu. Ya sa allo tsakanin ƙafafunshi, ya ja shi sama sosai, kamar yana zaune bisa sirdi. Gefen allon ya manne da bango. Aboki ya sa alama da gawayi a bango, daidai bakin allon na sama. A auna daga ƙasa zuwa alamar. Wannan shi ne tsawon ƙafar mutum ta ciki.

A shekarar 1967 wasu masana biyu a Ingila, Hamley da Thomas, sun gwada masu keke bisa sirdi mai tsayi daban-daban. Sun gano cewa ƙarfi ya fi fitowa in tsakanin sirdi da feda ya kai kashi 109 cikin 100 na tsawon ƙafa. Ke nan a ninka tsawon ƙafa da 109, a raba da 100.

Misali: mutum mai ƙafa santimetir 80. A ninka 80 da 109, ya ba da 8,720. A raba da 100, ya ba da wajen 87. To, daga saman sirdi zuwa feda, lokacin da take can ƙasa, santimetir 87 ke nan. Ana shimfiɗa metir ya bi bututun da sirdi ke ciki, har ya kai feda.

Ga lissafin an yi shi a shirye:

Ƙafa santimetir 70, sirdi 76.

Ƙafa santimetir 75, sirdi 82.

Ƙafa santimetir 80, sirdi 87.

Ƙafa santimetir 85, sirdi 93.

Ƙafa santimetir 90, sirdi 98.

Masu tseren keke suna da wani lissafin kuma. Greg LeMond, Ba'amurke wanda ya ci babban tseren keke na ƙasar Faransa a 1986 da 1989 da 1990, shi ya yaɗa shi. Ana ninka tsawon ƙafa da 883, a raba da 1,000. Amma shi wannan awon, daga saman sirdi yake tashi, ya tsaya tsakiyar gindin da feda ke juyawa bisa shi. Mai ƙafa santimetir 80 zai samu wajen 71. In aka ƙara tsawon ƙarfen feda, wanda yake wajen santimetir 17, za a ga lissafin biyu sun kusa zama ɗaya.

Sai dai a tuna, an yi waɗannan lissafin ne dan masu tsere bisa kwalta, masu takalmi mai tauri. Mai hawa da silifa, bisa hanyar ƙasa, ya rage santimetir 1 ko 2. Lissafi yana nuna ma mutum inda zai fara. Jikinshi ne zai gaya mishi inda zai tsaya.

YADDA AKE ƊAGA SIRDI

Sirdi yana zaune bisa wani ƙarfe mai kama da sanda. Ƙarfen yana shiga cikin bututun jikin keke. A bakin bututun akwai noti guda da ke matse shi. Ana kwance shi da sufana, wadda wasu ke ce ma kile. A kekuna da yawa mai lamba 13 ko 14 ce ke kama shi. A nemi wadda ta yi daidai. In aka yi da wadda ta yi yawa, ko da filaya, sai notin ya cinye, ya ƙi kwantuwa gaba ɗaya.

A sassauta notin, ba sai an cire shi ba. A riƙe sirdi da hannu biyu, a murɗa shi dama da hagu ana jan shi sama. In ya kai inda ake so, a duba hancin sirdi ya dubi gaba sak, daidai da ƙarfen tsakiyar keke. Sa'an nan a ɗaure noti tamau. A buga sirdin da tafin hannu daga gefe. In ya juya, bai ɗauru ba.

In tsatsa ta kama ƙarfen ya ƙi motsi, kada a dake shi da guduma. A ɗiga mishi kananzir ko mai a bakin bututu, a bar shi ya kwana. Da safe a sake murɗawa. In ya fito, a goge tsatsar, a shafa mishi giris kaɗan kafin a mai da shi. In ya ƙi, a kai ma mai gyaran keke.

Ga gargaɗi babba. Kusa da gindin ƙarfen sirdi akwai zane da masu ƙera keke suka yi. Wannan zanen iyaka ne. Lalle ya kasance cikin bututu, kada a gan shi waje. In zanen ya goge, a bar aƙalla santimetir 7 na ƙarfen a ciki, wato faɗin yatsu huɗu. In abin da ke ciki ya yi kaɗan, ƙarfen na iya lanƙwashewa, ko bakin bututun ya tsage, mutum ya faɗi ana cikin tafiya. Dogon mutum da ƙarfen sirdinshi bai isa ba, ya sayi wani ƙarfen mai tsawo, wanda kaurinshi ya yi daidai da bututun. Kada a yi mishi ƙari da walda, kada a cusa itace.

A YI SANNU-SANNU

Wanda ya shekara goma bisa gajeren sirdi, jikinshi ya saba da shi. In awo ya nuna a ɗaga santimetir 5, kada a ɗaga su rana guda. A ɗaga santimetir 1, a hau kwana ukku ko huɗu. In ba a ji wani ciwo ba, a ƙara 1. Haka za a yi har a kai. In aka ji bayan gwiwa yana ja, ko ƙugu ya fara karkata, an wuce. A sauke rabin santimetir. Sannu ba ta hana zuwa.

In an samu wurin da ya yi daidai, a sa mishi alama da fenti. A rubuta awon cikin littafi kuma. Ko an ba da aron keken, ko an kai shi gyara, mai shi zai mai da sirdinshi inda yake ba tare da wahala ba.

KWANCIYAR SIRDI

Ban da tsayi, akwai abu biyu da za a duba. A ƙarƙashin sirdi akwai wani noti. Shi ke riƙe kwanciyar sirdi.

Na farko, sirdi ya kwanta daidai, kamar ruwa cikin ƙwarya. A aza allo bisa shi a duba. In hancinshi ya dubi ƙasa, mutum zai riƙa zamewa gaba, nauyinshi ya koma bisa hannuwa, kafaɗu su yi ciwo. In hancin ya dubi sama, zai riƙa danne gaban mutum, har wurin ya mutu kamar ƙafar da aka daɗe zaune bisa ita. Wannan ba abin jin kunya ba ne, ba kuma abin ƙyalewa ba ne. Duk wanda ya ji haka ya sauka ya gyara sirdi.

Na biyu, a wasu kekuna sirdi yana matsawa gaba da baya. Ga yadda ake gwadawa. A ɗaura ɗan dutse ga zare. Mai keke ya zauna, ya juya feda har guda ta zo gaba, ɗaya baya, su yi daidai da juna. A riƙe zaren a gaban gwiwar ƙafar da ke gaba, a saki dutsen ya sauka. In ya faɗa wajen tsakiyar feda, ya yi. In ya wuce gaba sosai, a matsa da sirdi baya. In an matsa da shi, a sake awon dunduniya, dan tsayin yana ɗan canzawa.

TSAYAWA DA TASHI

Wani zai ce: "In na ɗaga sirdi, ƙafata ba ta kai ƙasa, ƙaƙa zan tsaya?" Tambayar tana bisa hanya, dan tsoron faɗuwa ne ke sa mutane sauke sirdi.

Ga yadda ake yi. In za a tsaya, a kama birki. Keke na gab da tsayawa, mutum ya zamo gaba daga bisa sirdi, ya sauke ƙafa guda ƙasa. Ɗayar tana bisa feda. In za a tashi, a jawo feda guda ta zo sama ta gaba. A taka ta da ƙarfi. Keke zai tafi, mutum ya koma bisa sirdi. Kwana biyu sun isa a saba.

Wannan yana nuna wani abu kuma. In mutum ya tsaya ƙasa, keke tsakanin ƙafafunshi, ƙarfen tsakiya bai kamata ya taɓa shi ba. A samu ko da faɗin yatsu biyu tsakani. In ƙarfen yana danne shi, keken ya yi mishi girma, gyaran sirdi ba zai yi magani ba. Mai son sayen keke ya yi wannan gwajin tun a kasuwa, kafin ya biya kuɗi.

KAYA DA YASHI

Keken ƙauye ba ya tafiya wofi. Bido guda mai litir 20, in an cika shi da ruwa, kilo 20 ne. Biyu kilo 40. Buhun hatsi ya fi haka. Hanyoyin ƙasar Maraɗi da Damagaram da Tawa kuma, da yawa yashi ne. Taya na iya nutsewa ba zato, keke ya karkata, kaya su ja shi ƙasa.

A irin wannan hali, mai keke yana bukatar ƙafarshi ta kai ƙasa da sauri. Dan haka mai yawan ɗaukar kaya cikin yashi yana iya sauke sirdi santimetir 1 ko 2 daga awonshi. Kada ya wuce haka. Kaya masu nauyi sun fi bukatar ƙarfin ƙafa, gajeren sirdi kuwa rage ƙarfin yake yi. Nan ne gwiwa ta fi shan wahala. In yashi ya yi zurfi, a sauka a tura. Turawa ba ta rage ma namiji komi.

A ɗaure kaya bisa wurin kaya na baya, nauyin dama da na hagu su yi daidai. Kada kayan su ture mutum daga bisa sirdi, har ya koma zaune bisa hancinshi.

KEKE GUDA, MAHAYA DA YAWA

A gidaje da yawa keke guda ne. Maigida ya hau, ƙanenshi ya hau, ɗanshi ya hau. Tsayinsu ba ɗaya ba ne. Kayan aro ba ya rufe katara, in ji masu iya magana.

Maganin abin mai sauƙi ne. Kowane mahayi a yi mishi awon dunduniya, a sa mishi alamarshi bisa ƙarfen sirdi. Wannan jan fenti, wannan fari. A ajiye sufana cikin ƴar jaka ƙarƙashin sirdi. Wanda zai yi doguwar tafiya ya mai da sirdi ga alamarshi kafin ya tashi. Kada a yi alamar da zarto, dan yanka mai zurfi yana raunana ƙarfe.

Yara suna bukatar kulawa ta daban. Ana ganin yaro ya zura ƙafa ta ƙarƙashin ƙarfen tsakiya, yana tuƙa keken ubanshi a karkace. Ana ganin wani bisa sirdi, ƙafarshi ba ta kai feda, yana jiran ta zagayo ya shure ta. Irin wannan yaro ba ya iya tsayawa da sauri in mota ko amalanke ta ɓullo. Kada a aike shi bisa babbar hanya da wannan keken.

Mai koyon keke, yaro ko babba, shi kaɗai ne ake sauke ma sirdi har ƙafafunshi biyu su taka ƙasa sosai. Haka zai cire tsoro. In ya iya, sai a riƙa ɗaga sirdin kaɗan-kaɗan. Yaro mai zuwa lakkol da keke kuma yana girma. Sirdin da ya yi mishi daidai bara, bana ya yi mishi ƙasa. A sake auna shi duk wata shidda.

Awon mace da na namiji duk ɗaya ne: dunduniya bisa feda, ƙafa ta miƙe. Keke marar ƙarfen tsakiya ya fi ma mai zane sauƙin hawa da sauka. A kula da bakin zane ko babbar riga, kada sarƙa ta kama.

IN CIWO BAI TAFI BA

Ba kowane ciwon gwiwa ba ne na sirdi. In an gyara sirdi, an yi sati biyu ko ukku ciwo bai ragu ba, a tafi likita. In gwiwa ta kumbura, ko ta yi zafi, ko mutum ya kasa taka ƙafa, kada a jira. A ajiye keke, a je a ga ma'aikacin lafiya.

ABIN DA ZA A RIƘE

Tsakanin sirdi da feda ake aunawa.

Dunduniya bisa feda, ƙafa ta miƙe sak: tsayi ya yi.

Wurin tafiya, gaban tafin ƙafa ke taka feda, gwiwa ta ɗan lanƙwashe.

Ciwon gaban gwiwa, a ɗaga sirdi. Ciwon bayan gwiwa, a sauke shi.

A ɗaga santimetir ɗaya-ɗaya.

Zanen iyaka ya zauna cikin bututu.

Duk mai keke ya gwada wannan awon yau, kafin ranar kasuwa ta zagayo. Wanda ya gwada ya ga amfaninshi, ya riƙe ma maƙwabcinshi keke shi ma ya auna. Gani ya kori ji.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba da lafiya. Wassalamu alaikum.